Ina jininka?

Ranar wata Asabar bayan la'asar na shiga falo na tarar da ɗana na fari zaune a ƙasa gaban talabijin, manet a hannu, yana buga ɗaya daga cikin wasannin yaƙi na Call of Duty. Sunan mahaifina ya ci, don haka Abba muke ce masa a gida, shekarunsa goma sha huɗu. Na ja kujera na zauna a bayansa kamar yadda muka saba kowane ƙarshen mako, tun da aikin jami'a ya cinye mini sauran ranakun. Na ɗauki kamar minti biyar ina kallo, idona yana yawo a kusurwoyin allon yana neman wani abu. Ga adadin harsasai, ga alamar da ke nuna inda za a dosa, amma abin da nake nema ban gan shi ba.

Na ce, "Abba, ina jininka?"

Bai ko juyo ba ya ce, "Babu shi a wannan, Baba. In an harbe ka gefen allon zai yi ja, ka ji mutumin yana haki. Sai ka laɓe bayan bango kaɗan, ya warke."

"Haka kawai? Ba magani, ba komai?"

"Haka kawai."

Na yi dariya na ce ai wannan wasan ragwaye ne, an yi shi ne domin waɗanda ba su iya ɗaukar hasara ba. Da raha na faɗa, amma maganar ta sauka inda ban nufa ba. Ya ƙarasa matakin da yake kai, ya kashe na'urar, ya ce yana da aikin makaranta. Asabar uku a jere bai kira ni ba, in na shigo falo sai in tarar ya riga ya naɗe wayoyi ya tashi. Mahaifiyarsa ce ta tare ni wani dare ta ce, "Malam, abu ɗaya ne yaron nan ya fi ka iyawa, shi ne kuma ka ce masa aikin ragwaye ne."

A cikin waɗannan makonni na zauna na tambayi kaina abin da ya sa rashin wani ɗan zane a kusurwar allo ya dame ni har na ɓata wa yaro rai. Neman amsar ya mayar da ni Maradi, garin da na tashi.

Tsakanin 1993 da 1995, ina kwaleji, akwai wani shago a unguwarmu, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da talabijin biyu da na'urar Sega Mega Drive da aka shigo da ita ta kan iyaka. Mai shagon yana karɓar dala biyar, wato sefa 25, a kan kowace karawa, kuma wanda aka kayar shi ne zai biya, ya miƙa manet ga na bayansa. Da darajar sefa ta karye a watan Janairun 1994, sai kuɗin ya koma dala goma. Wasan da ya fi tara mu shi ne Street Fighter II na kamfanin Capcom. Mutum biyu ne suke dambe, a saman allon kuma kowa yana da doguwar sanda rawaya, da agogo a tsakaninsu yana ƙirgawa daga 99 zuwa ƙasa. Duk naushin da ya same ka sai rawayar ta ragu ja ya maye gurbinta. Wanda tasa ta ƙare ya faɗi, wanda ya ci turmi biyu ya yi nasara. In kuwa agogo ya cika ba wanda ya faɗi, mai sauran rawaya mafi tsawo shi ne ya ci turmin.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta gina ni. Kuɗin kalacina ne a kan wannan sanda, saboda haka na zaɓi Guile, sojan nan da ake bugawa da haƙuri a tsugune. Da zarar na ga rawayata ta ɗara ta abokin karawata ko da da faɗin farce ne, sai in ja da baya in tsare gida, in bar agogo ya ƙarasa mini aikin. Abokaina suka raɗa mini suna Ma'aji. Haushi suke ji, ni kuwa ina komawa gida da canjina a aljihu.

Kalmomi biyu muke amfani da su a shagon, ba kuma wanda ya koya mana su. Abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, wanda in ya ƙare wasa ya ƙare, shi ne rai: "saura rai biyu". Abin da yake raguwa sannu a hankali kuwa shi ne jini: "jinina ya kusa ƙarewa". Ban taɓa jin wani yaro ya ce lafiya ba, alhali ita ce ma'anar kalmar da masu tsara wasannin suke amfani da ita a Turanci. Lafiya a bakin Bahaushe abar tambaya ce a gaisuwa, ba a yanka ta kashi-kashi. Jini kuwa ana ganin zubarsa, ana iya cewa ya yi yawa ko kaɗan ne. Shekara talatin bayan haka, kalmar da ta fito daga bakina a falo ke nan.

Da na koma bincike sai na ga cewa alaƙar jini da kuɗi ba a Maradi ta fara ba. Tunanin auna rayuwar jarumi da lamba ya yaɗu ne daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wanda ake yi da takarda da fensir da ɗan ludo. A wasannin yaƙi na tebur da suka gabace shi, bugu ɗaya yakan isa a cire soja daga fili, kuma ba wanda zai damu tun da runduna guda yake jagoranta. Amma mai wasan da jarumi ɗaya tak gare shi ba zai yarda ya mutu a sara na farko ba, don haka aka ba jarumin lamba da za a riƙa zaftarewa. A ɗakunan wasa na jefa kwabo kuwa, Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980 rai suke bayarwa, galibi uku, taɓawa ɗaya rai ɗaya. Gauntlet, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1985, shi ne ya fito da maganar fili. Jinin jarumi lamba ce a gefen allo da take raguwa da kanta ko ba a taɓa shi ba, kuma hanya mafi sauri ta ƙara ta ita ce a sake jefa kwabo a cikin na'urar. Mai shagonmu bai san Gauntlet ba, amma da tsarinsa na wanda ya faɗi ya biya, darasi ɗaya suka koyar.

Daga nan na fara lura da cewa kowace hanya ta nuna jini tana da irin ɗan wasan da take renowa. Lamba tana mai da mutum akawu. A Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a 1993, jinin jarumi yana rubuce a ƙasan allo, yana farawa daga kashi 100. Wanda ya ga saura kashi 23 zai tsaya a bakin ƙofa ya yi lissafi, sa'annan ya koma baya ya ɗauko akwatin maganin da ya bari da gangan a ɗakin da ya wuce. Sai dai masu wasan sun san lamba ba ta sa tausayi, don haka suka ajiye fuskar jarumin a tsakiyar wannan layi na ƙasa. In jini ya ragu sai fuskar ta fara zubar da jini ta hanci, gashi ya hargitse, har ta zama jina-jina. Mai wasa yana lissafi da lambar, gabansa kuma yana faɗuwa saboda fuskar.

Sanda kuwa kimantawa take bayarwa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a kan wannan aka gina ta. Ana karanta ta da wutsiyar ido ba tare da an ɗauke kallo daga abokin gaba ba, shi ya sa ta dace da wasannin dambe, inda ƙiftawar ido ɗaya take iya jawo faɗuwa. Ajiye sanduna biyu suna fuskantar juna kuma yana ƙara wani abu: kowane lokaci ka san wa yake gaba, kuma ƴan kallo da ke bayanka su ma sun sani. Ihun da ake yi a shagonmu in rawayar mutum ta koma kamar zare, daga wannan tsari ya fito.

Akwai kuma masu raba jini gida-gida yadda ƙaramin yaro ma zai iya ƙirgawa. The Legend of Zelda na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1986, yana farawa da zukata uku jajaye a saman allo. In dukkansu a cike suke, takobin jarumin yana harba haske daga nesa, da zarar an taɓa shi kuwa wannan dama ta tafi. In sun kusa ƙarewa sai na'urar ta kama wani kuka, tit-tit-tit, ba za ta daina ba sai an samo zuciya. Wato wasan yana ba da lada ga mai taka-tsantsan, yana kuma hana mai ganganci sakat. Ƙanwar Abba, ƴar shekara takwas, Minecraft take bugawa, inda ake jera zukata goma a ƙasan allo. Na taɓa jin ta tana ƙirga su da ƙarfi kafin ta shiga kogo, kamar mai ƙirga canji kafin ta bar gaban mai tebur.

Wasu wasannin kuwa a jikin jarumin suke rubuta labarin. A Super Mario Bros. na 1985, in Mario ya ci laimar kwaɗi sai ya girma, in an taɓa shi ya koma ƙarami, taɓawa ta gaba kuma mutuwa ce. A Ghosts 'n Goblins, wanda ya fito a wannan shekarar, bugu ɗaya yana tarwatsa sulken jarumin, ya ci gaba da faɗa daga shi sai ɗan kamfai. Ba ka buƙatar duba ko'ina, abin da kake kallo shi ne ma'aunin. Masu wasannin ban tsoro sun ɗauki wannan dabara suka juya ta. A Resident Evil na 1996 babu jini a allon wasa sam, sai ka tsaya ka buɗe jakar kayanka kafin ka ga zanen bugun zuciya irin na na'urar asibiti, kore in lafiya lau, ja in ana bakin mutuwa. A kashi na biyu, na 1998, jarumin da ya ji rauni yakan dafe ciki, in abin ya tsananta ya riƙa ɗingishi, gudunsa ya ragu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma da shi suke tsorata mutum. Dead Space na 2008 ya ɗora sandar jinin a gadon bayan jarumin, wani haske da ke bin ƙashin bayan rigarsa, domin kada idon mai wasa ya sami wata kusurwa da zai gudu ya huta.

Duk waɗannan, ban da bambancin kamanninsu, sun yi tarayya a abu ɗaya da na tashi a kansa: abin da ka rasa ya tafi, sai ka nemo madadinsa. A 1979 masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana cewa zafin hasarar abu a zuciyar mutum ya fi daɗin samun kwatankwacinsa. Sandar da take farawa a cike, ba ta kuma san wata hanya ba sai ƙasa, littafin hasara ce a buɗe gaban mai wasa. Kuskuren da ya yi a minti na farko yana biye da shi har minti na ashirin, yana kallonsa. Wanda ya daɗe a gaban irin wannan allo zai koyi tattali, zai kuma ɗauka cewa tattalin shi ne gwaninta. Haka na ɗauka.

Wasan da Abba yake bugawa daga wani reshe ya fito. A 2001 Halo ya zo da garkuwa mai cika kanta in an ɗan kauce wa harbi, a ƙarƙashinta kuma akwai jini irin na da, mai buƙatar magani. Halo 2 na 2004 ya cire akwatunan maganin, sai Call of Duty 2 na 2005 ya cire sandar gaba ɗaya, ya bar jan gefen allo da haki. Akwai matsalar gaske da suke son warwarewa, kuma ni kaina na sha ta a Doom lokacin da nake ɗalibi: ka ajiye wasa da jini kashi 5, gabanka ɗaki cike da abokan gaba, bayanka ba sauran magani, sai dai ka sake matakin daga farko. Bugu da ƙari, in mai tsara wasa ya san kowa zai iso kowane faɗa da cikakken jini, zai iya auna wahalar faɗan daidai, ba tare da tsoron cewa wani zai iso a rarrafe ba.

Wannan sauyi yana da nasa farashi. Ba ka da dalilin leƙa kowane lungu tun da ba maganin da za ka nema, kuma faɗa yakan koma leƙa, harba, laɓe, jira. Masu tsara wasanni sun lura da haka. A Bloodborne na 2015, in an sare ka, ɓangaren jinin da ka rasa yana tsayawa a kan sandar da wani launi na ƴan daƙiƙoƙi, in ka mai da sara kafin ya ɓace sai ya dawo maka. A Doom na 2016, abokin gaban da ka ƙarasa da hannu yana zubar da abin ƙara jini, saboda haka wanda ya kusa mutuwa gaba zai dosa. A 2017 kuma Call of Duty: WWII ya dawo da sanda da akwatin magani a ɓangaren labarinsa. Har a cikin gida ɗaya ke nan ba a gama yanke hukunci ba.

Da na fahimci wannan sai na gane cewa ni da Abba ba a makaranta ɗaya muka yi karatu ba. Allona ya koya mini cewa kuskure bashi ne da za a biya. Nasa ya koya masa cewa kuskure yana da wa'adi, daƙiƙa biyar ko shida a bayan bango, sa'annan a sake gwadawa. Na kira shi rago alhali a wasansa ya fi ni kutsawa cikin wuta nesa ba kusa ba.

Ban iya ba shi haƙuri kai tsaye ba, irin tarbiyyar da muka samu ke nan. A Asabar ta huɗu na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ce, "Abba, zo ka koya mini wasan nan naka." Ya dube ni na ɗan lokaci don ya tabbatar ba zolaya ba ce, sa'annan ya tashi ya haɗa wayoyi.

Na sha kashi. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne yadda nake maƙalewa a bayan bango. Jan ya washe, hakin ya tsaya, amma ni ina nan a tsugune ina jiran wata lamba ta ba ni izinin fita.

"Baba, ka warke tun ɗazu. Fito mana."

"Ta yaya ka sani?"

"Ba ka ji ya daina haki ba?"

Ban ji ba, domin kunnena bai saba da aikin ba. Shi kuwa yana karanta launin gefen allo da numfashin jarumin kamar yadda nake karanta rawayar sanda, yana sanin harbi nawa zai iya ɗauka kafin ya nemi mafaka. Ma'auni yana nan, ni ne ban iya karatunsa ba. Har gurneti ya sha tarar da ni a maɓoyata, domin wasan ba ya barin mai dogon zama.

Mako na gaba na kawo nawa. An sake fitar da Street Fighter II domin na'urorin zamani, na saya na ce ya zo mu gwada. Na ɗauki Guile, ya ɗauki Ken, na kayar da shi sau biyar a jere. Yakan faɗo mini da ƙarfi, in rage masa jini, daga nan sai wasansa ya lalace. Na lura idonsa yana ta tsalle zuwa saman allo. Ya ce, "Sandar nan ce take dame ni, Baba. Kamar wani ne ya tsaya a kaina yana faɗa mini na kusa faɗuwa." Ya yi shiru kaɗan, sai ya tashi ya yago dogon yanki daga wani kwali, ya manna shi a saman talabijin, ya rufe sandunan biyu da agogon.

Ba abin da ya canza a ƙa'idar wasan. Naushi yana cin abin da yake ci, agogo yana tafiya a bayan kwalin. Amma a karawa huɗu da muka yi, ya ci uku. Ban san ko ina gaba ba balle in ja da baya in tsare gida, ban kuma san lokacin da ya kamata in yi kasada ba. Shi kuwa da aka ɗauke masa mai tsayawa a kansa, sai hannunsa ya saki. Ashe rabin gwanintar da na yi shekara talatin ina taƙama da ita karatun sanda ce. Wannan yankin kwali ya nuna mini abin da ban samu a karatuna ba: yadda aka nuna wa mutum saura nawa gare shi yana sauya wasansa ko da sauran bai sauya ba, kuma sau da yawa in mutum ya ce yana son wasa kaza ba ya son kaza, yadda wasan yake yi masa wannan magana ne ya karɓa ko ya ƙi.

Akwai sauran abu ɗaya da ya rage mini in haɗiya. A 2017 wata mai tsara wasanni, Jennifer Scheurle, ta nemi abokan sana'arta su faɗi dabarun da suke ɓoyewa a cikin wasanninsu. Misalin da ita kanta ta kawo shi ne cewa a Assassin's Creed da Doom, guntun jinin ƙarshe ya fi sauran ƙarko, yana ɗaukar bugu fiye da yadda tsawonsa yake nunawa, domin mai wasa ya riƙa jin cewa da ƙyar ya sha. Wani daga cikin waɗanda suka yi BioShock ya ce a nasu wasan, bugun da ya kamata ya kashe ka yakan bar ka da ɗigon jini, a kuma ba ka ɗan lokaci da ba abin da zai taɓa ka. Na karanta wa Abba wannan da daddare. Na tashi ina ganin sanda ita ce gaskiya tsirara, jan allo kuwa rufa-rufa ce, ga shi masu abin suna cewa sandar ma akan gyara mata zance domin a faranta wa mai kallo. Ya yi murmushi ya ce, "To Baba, ashe ku ma ana lallashinku."

Ban ji haushin masu wasannin ba. Aikinsu shi ne su sa zuciya ta buga, kuma sun san cewa labarin da mutum zai riƙa bayarwa shekara da shekaru shi ne na ranar da ya tsira da jini kamar zare. Abin da na daina shi ne ɗaukar ma'aunin da na saba da shi a matsayin shaidar jarumta. Har yanzu na fi son in ga lamba, kuma ba na jin hakan zai sauya. Abba har yanzu ya fi son allo wanda ba kowa a kansa. Ƙanwarsa tana nan tana ƙirga zukatanta.

Wasan da muka daidaita a kansa tsoho ne, na san shi tun shagon Maradi amma ban ba shi muhimmanci ba a lokacin, domin ba a karawa a cikinsa balle a ci kuɗin wani. Sonic the Hedgehog ne, na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1991. Wata bushiya ce shuɗiya take gudu tana tsintar zobban zinariya, adadinsu yana rubuce a kusurwar allo, in sun kai 100 a ba ka ƙarin rai. In abokin gaba ya taɓa ka, zobban duka za su watse su yi ta tsalle a ƙasa, kana da ƴan daƙiƙoƙi ka tsinci abin da ka iya kafin su ɓace. Muddin kana riƙe da ko da guda ɗaya, taɓawa ta gaba ba za ta kashe ka ba. Ni na sami lambar da zan riƙa tarawa, shi kuma ya sami kuskuren da ake gyarawa nan take. Muna karɓa-karɓa, mataki ɗaya nawa, ɗaya nasa.

A Asabar da ta wuce na bi mataki a hankali, ina leƙa kowane lungu, har na tara zobe 94. Saura shida in sami rai, sai na ruga ban duba ba na yi karo da wata ƙaguwa. Zobban suka tarwatse ko'ina, na saki salati, na tsaya ina kallonsu suna gangarewa. Abba ya dafa mini gwiwa yana nuna allon.

"Baba, bar lissafi, kama ɗaya. Ɗaya ya isa."

Na kama guda biyu, muka wuce.